Kano ko Ikko? Lissafin Hutun Hunturun Ƙarshe

Da zarar hazo ya lulluɓe duwatsun Kazaure, leɓɓa suka fara tsagewa, kowa ya fara neman inda ya jefa rigar sanyinsa ta bara, tambaya ɗaya ce ke yawo a ɗakunan kwana da na lakca: "Kai ina za ka yi hutu?" 'Yan ND I ba ruwansu, gida za su, su ci tuwon uwa su yi barci har hantsi. Mu da ke shekarar ƙarshe kuwa tambayar ta fi haka nauyi, domin wannan ne hunturun ƙarshe da zai same mu da katin ɗalibi a aljihu. Na baɗi zai tarar da mu a shekarar koyon aiki, wadda dole sai an yi ta kafin a dawo HND, ko kuma ya tarar da mu a dakalin unguwa muna jiran abin da Allah zai yi.

Ni ɗan Achilafiya ne, a ƙaramar hukumar 'Yankwashi, shekaruna 22, kuma lantarki nake karantawa. Bana gayyata biyu ce ta zo mini a mako guda. Kawuna, ƙanen Inna, yana da shagon kayan wuta da na sola a Sabon Garin Kano, ya ce in zo in taya shi aiki kamar yadda na yi wata huɗu a wajensa lokacin SIWES. Ɗan baffana kuma, wanda nake kira Yaya, yana Agege a Legas, yana yi wa wani maigida sayayya a kasuwar Alaba suna loda kaya zuwa Arewa. Ya ce in zo in ga gari, in ga kasuwa, kuma idan maigidan ya yaba da hankalina to akwai wurin da zan yi shekarar koyon aikin. Hutun bai kai wata ba. Jarina kaf shi ne kuɗin riɗin da na noma a ɗan fegin da Baba ya yanka mini, kuma a cikin kuɗin nan ne zan biya kasona na furojet. Ga wuri biyu, ga ƙafa ɗaya.

Kafin wani ya ce ai wannan rigimar masu ƙoshi ce, bari in faɗi yadda abin yake a wajenmu. A garinmu ba a san wata tafiya wai ita ta shaƙatawa ba. Abin da aka sani shi ne cin rani. Idan gero ya shiga rumbu, aka ɗaure dawa, aka kakkaɓe riɗi, sai samari su rataya jaka su bar gida, don hatsin ya kai iyali damina, su kuma su dawo da kuɗin taki da na sutura. Kakanninmu Kano suke nufa, wasu a ƙasa, wasu a kan jaki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma haɗa layin da bakin teku, sai hanya ta ƙara tsawo: gyaɗa da fatu da shanu suka riƙa gangarawa Kudu, goro yana haurowa. Cinikin goron nan yana cikin abin da ya zaunar da Hausawa a Agege har suka yi zango da sarkinsu. Saboda haka ɗan Achilafiya da ke auna Kano da Ikko a watan Disamba ba sabon abu ya ƙirƙiro ba. Abin da ya bambanta ni da Baba a zamaninsa shi ne ni ina da jadawalin komawa makaranta.

Bari in fara da Kano, don ita ce ta fi sauƙin karewa. Daga Kazaure kimanin kilomita 80 ne: ka bi ta Ɗambatta, ka faɗa Dawanau, ka shiga gari kafin shayin da ka sha ya gama sauka. Sai a 1991 aka cire Jigawa daga jihar Kano, don haka har yau in tsofaffinmu suka ce "birni" ba Dutse suke nufi ba. A Kano ba wanda zai tambaye ni daga ina nake. Harshena ne, abincina ne, kiran sallar ma irin na gida ne. Kuma duk abin da ɗan kasuwa ke son koya akwai makarantarsa a can: atamfa da shadda a Kantin Kwari, kayan masarufi a Singa, hatsi a Dawanau, waya a Farm Centre, ga Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A ƙarshen shekara kuma ga kasuwar baje koli a titin gidan zu, inda ɗalibi zai yini yana kallon injuna ba tare da ya sayi komai ba.

Kano a hunturu tana da daɗinta, wanda sai wanda ya kwana ya sani. Ka fito asuba hannu a hammata, hayaƙin masu ƙosai ya gauraya da hazo, ka sami kunun gyaɗa mai zafi ka riƙe kofin da hannu biyu. Da rana gurasa da ƙuli, da dare tsire a bakin titi kana matsowa kusa da garwashi kamar ciniki kake. Aikinmu ma lokacin yake ci. Ƙura tana kwanciya a kan farantan sola ta tare hasken rana, sai masu gida su yi ta bugo waya cewa batir ba ya cika, wai an sayar musu da jabu. Sau da yawa in ka hau rufin ba abin da ya lalace, tsumma da ruwa kawai faranti ke so, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce. Kawu ne ya koya mini haka, shi ya koya mini yadda ake karkata faranti ya fuskanci kudu, da yadda ake auna batir kafin a zargi inbata. In na je wajensa ba kuɗin masauki, ba na abinci, kuma ranar komowa zai damƙa mini wani abu a hannu. In Inna ta yi ciwon kai da safe, kafin azahar ina tsakar gida. Duk mai lissafi da hankali zai ce shi ke nan, magana ta ƙare.

To amma ba ta ƙare ba, ga dalili.

Lokacin da nake shagon Kawu, aikina na farko kullum shi ne sauke kwalaye. Kowane kwalin inbata da rubutun China a jikinsa. Wata rana na tambayi Kawu ta ina yake biyowa, ya zayyana mini: jirgin ruwa ya sauke a Apapa ko Tin Can, a kai Alaba da ke Ojo, tirela ta ɗauko zuwa Kano, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su rarraba zuwa Kazaure da Daura da Roni da Gwiwa. Kowane hannu ya taɓa sai ya ɗora nasa. Kafin fitila guda mai sola ta iso ɗakin amarya a Achilafiya, mutum nawa ne suka ci abinci a kanta? Ni kuma riɗin da na sayar hanyar ya bi a juye: dillali ya kai Dawanau, a tace shi, a loda a tirela zuwa tashar jirgin ruwa a Legas, daga can sai Japan ko China ko Turkiyya. Wato riɗina ya riga ni ganin teku. Abin da nake nomawa da abin da nake karantawa duk a ƙofa ɗaya suke shiga suna fita, ni kuwa ƙofar ban taɓa ganinta ba sai a waya.

Akwai kuma abin da ya shafi karatuna kai tsaye. Tun watan Satumban 2023 jirgin ƙasa na cikin gari yake ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kuma da lantarki yake tafiya. A Oktoban 2024 aka buɗe wani layin daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke da tasha a Agege, kusa da inda Yaya yake. Mu nan muna kallon aikin layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, wanda ya ratso ta Kazaure ya nufi Daura. Wata rana za a nemi masu kula da wutar tashoshi da na'urorin ba da hannu. Ina so in tsaya a kan dandamali in ga yadda abin yake aiki da idona, ba a zanen allo ba. Kuma matsalar da mai sola ke fama da ita a can daban take da tamu: mu ƙura, su danshi da gishirin iskar teku da ke cin ƙarfe da bakin waya. Wanda ya san ciwo biyu ya fi wanda ya san ɗaya.

Ba zan ɓoye na ƙarshen ba, ko da za a yi mini dariya a hostal: ina son ganin teku. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne dam ɗin Kazaure. Ina so in hau gadar nan ta uku, mai tsawon kusan kilomita 12, in ga ruwa dama da hagu. Ɗan talaka ma yana da ido.

Sai dai Ikko ba ta zuwa a arha. Tafiyar wajen kilomita dubu ce. Manyan bas-bas na tashi daga New Road a Sabon Gari da yamma, a kwana a hanya, a wayi gari ana tafiya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 a 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kuɗin mota bai sake komawa inda yake ba. A Disamba kuma abin ya fi tsanani, don lokacin ne masu tafiya Kirsimeti ke cika tasha. Da na zauna da biro, na ga kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya cinye fiye da rabin abin da riɗi ya ba ni. Da kuɗin nan zan je Kano in dawo har in gaji. Ga kuɗin danfo a cikin gari, ga ruwan sha na saye, ga zafi da gumi a lokacin da jikina ya saba da bargo biyu. Yaya ya ce daga Agege zuwa Alaba, in cunkoso ya kama, sai ka yi tafiyar da ta fi ta Kazaure zuwa Kano daɗewa.

Sannan birnin ba ya yi wa kowa alkawari. Mun ga samarin yankinmu da suka tafi acaɓa suka dawo hannu rabbana bayan gwamnatin Legas ta hana haya da babur a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, daga watan Yunin 2022. Wasu sun sayar da akuya da gona sun sayi mashin ɗin. Gaskiya kuma ita ce Kano ma ta hana acaɓa tun Janairun 2013, ta bar wa 'yan adaidaita sahu titi. Darasin da na ɗauka daga biyun shi ne sana'ar da sanarwa ɗaya a rediyo za ta iya kashewa ba abin jingina ba ce, a kowane birni kake.

Da na je gida na faɗa, Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗan nan, Kano ba gari ba ce? Me aka ajiye maka a Kurmi?" Na yi bayanin kasuwa da jirgi da koyon aiki. Ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani shi ne abin da ta ji a rediyo a watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa gida. Na ce, "Inna, ai ba hanyar ba ce." Ta ce, "Ni duk abin da ya wuce Kwara hanya ɗaya ce." Ban da amsa. Tsoron uwa ba da taswira ake warkar da shi ba, kuma abin da ta ambata ya faru.

Baba ya yi rani uku a Ikko yana saurayi, yana ga-ruwa yana gadi. Bai ce komai ba sai bayan isha'i, da muka rage mu biyu a zaure. Ya tambaye ni wa zai tare ni a tasha. Na ce Yaya. Ya tambayi inda zan kwana, na faɗa. Ya tambayi ranar dawowa, na ce kwana biyu kafin a koma makaranta. Ya yi shiru, sannan ya fara lissafa mini abokan tafiyarsa na da, waɗanda suka ce sai sun tara kaza za su dawo. Wasu sun dawo da furfura, wasu 'ya'yansu ko hanyar Achilafiya ba su sani ba. Ya ce, "Ikko ba ta cin wanda ya je da rana a hannu. Mai cewa sai na samu, shi take riƙewa." Ya ƙara da cewa in ajiye kuɗin dawowa daban, kada in taɓa shi ko da yunwa, in kuma bar wa Inna lambar mutum biyu ban da ta Yaya. Ita kuma shi zai yi mata magana.

Maganar nan ce ta daidaita mini lissafi. Na lura ina auna biranen kamar kayan kasuwa, wanne ya fi araha, wanne ya fi daɗi, alhali abin da ya kamata in auna shi ne hutun kansa: me zai iya saya mini wanda sauran ranakun shekara ba za su iya ba? Kano tana nan kowace Juma'a. In lakca ta ƙare da rana, kafin magariba ina shagon Kawu, Lahadi in dawo. Na yi haka ba sau ɗaya ba, kuma zan sake. Ikko kuwa kwana biyu na tafiya a mota kawai, zuwa da dawowa, ba ta shiga ƙarshen mako. Sai dogon hutu, kuma wannan ne na ƙarshe da nake da shi.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Nan da 'yan watanni zan yanke inda zan yi shekara guda cur. In na karɓi tayin maigidan Yaya ban taɓa ganin wurin ba, na sayi akuya a cikin buhu. Ban san ko ƙirjina zai ɗauki iskar garin ba, ban san ko koyar da ni za a yi ko dako kawai zan yi ba, ban san irin ɗakin da mutum nawa ke kwana a ciki ba. Mako uku ba ya koya wa mutum sana'a, amma ya isa ya nuna maka ko za ka iya zama. In ban ji daɗi ba, ba wanda zai ce na gudo, ai makaranta ce ta kira ni. Ɗalibi yana da wannan gata da ɗan cin rani ba shi da shi: yana da uzurin dawowa wanda ba kunya a cikinsa. Baɗi ba ni da shi.

Saura kuɗin furojet. Mu huɗu ne a rukuninmu, ƙaramar inbata za mu haɗa, wadda za ta karɓi bolt 12 daga batir ta ba da wutar gida. Na faɗa wa abokan aikina shirina, na ce kasona na ware shi, ba zai shiga kuɗin mota ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce tunda Alaba za ni, me zai hana su ba ni nasu in sayo tiransifoma da sauran ƙananan kaya a can? Na ce a'a, kuɗi su zauna a asusun wanda muka naɗa ma'aji. In na je na ga kayan na kuma ga farashin ya fi na Kano sauƙi ko da an haɗa da kuɗin ɗauko, zan turo hoto, mu amince mu huɗu, sannan a tura wa mai shago kai tsaye. In ba haka ba, mu saya a Sabon Gari. Ba na son in shiga garin da ban sani ba da amanar mutum uku a aljihu.

Wanda ya fi ba ni fargaba shi ne Kawu. Mutumin da ya riƙe ni wata huɗu, ya kira ni a lokacin da aiki ya yi masa yawa, ba a ce masa "ba zan zo ba" a waya. Ranar Asabar na shiga mota na same shi a shago. Na gaishe shi, na zauna a kan kwali, na yi ta kewaye-kewaye kafin in fito da maganar. Ya dube ni ya ce, "Wato mu mun zama ƙauye ke nan?" Na ce, "Haba Kawu, ai ku ne gida. In ba don abin da kuka koya mini ba, me zan je in gane a can?" Ya yi dariya, ya jawo takarda ya rubuta kaya goma sha, ya ce in tambayo masa farashin kowanne a shago uku daban-daban, kada in nuna ina da dangi a harkar. Ya ce shekara da shekaru yana saye ta waya a hannun mutanen da bai taɓa ganin shagonsu ba, in buɗe ido in gano masa wane ne mai kaya, wane ne ɗan kamasho. Ya ƙara mini wani abu a kuɗin mota, ya ce ba kyauta ba ce, ladan aike ne. Kafin la'asar na kamo hanyar Kazaure.

Ba ina cewa kowa ya tattara ya nufi Legas ba. Wani a ajinmu Kaduna da Abuja yake aunawa, wata Zariya da Katsina. Da yawa kuma ba su da zaɓin ma, gida za su koma su kama noman rani ko su tsare shagon uba, kuma wallahi wanda ya dawo da kuɗin rajista daga fadamar tumatir bai yi asarar hutu ba. In da ba ni da Yaya a Agege, ko in da Baba ya ce a'a, Kano zan tafi ba tare da na ji an rage ni da komai ba. Amma ga duk wanda Allah ya ba shi gari biyu, tambayoyin da suka taimake ni su ne na Baba: wa zai tare ka, ina za ka kwana, yaushe za ka dawo, kuma kuɗin dawowar yana ina? Sai ka ƙara guda ɗaya taka: a cikin biyun, wanne ne ba za ka iya zuwa ba in wannan hutun ya wuce?

Inna ta amince, da sharaɗin zan kira ta duk bayan sallar magariba, kuma ta riga ta fara daka mini ƙuli da yajin tafiya. Rigar sanyi a shagon Kawu zan bar ta, an ce daga Lakwaja ba ta da amfani. Masu zuwa kusa da masu zuwa nesa, Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, mu haɗu a zangon karatu mai zuwa kowa da labarinsa.